Haɗa wayoyi su zama kyamarori: Arha ta samu, amma kada a danƙa wa Wi-Fi amanar biki

Duk mai bibiyar tafsirin watan Ramadan a Facebook ko YouTube ya san bambancin ɗauka iri biyu. Akwai wadda aka kafa waya ɗaya a gaban malam aka bar ta, awa biyu cur hoto bai motsa ba. Alaramma mai jan baƙi sai dai a ji muryarsa daga gefe, kamar daga wani ɗaki yake karatu.

Akwai kuma wadda idan alaramma ya ja aya sai a gan shi, idan malam ya karɓa hoto ya koma kansa, can kuma a hasko jama'ar da suka cika masallaci. Wannan ta biyun ita ce ɗauka da kyamarori da yawa, kuma har zuwa 'yan shekarun nan aiki ne na gidajen talabijin da masu hannu da shuni.

Ba ƙaramin kaya take ci ba. Sai an tanadi kyamarori uku ko huɗu, kowace da mai riƙe ta, da dogayen kebul da za a bi da su ta gefen bango ko ƙarƙashin darduma, sannan na'urar sauya hoto wadda duk kebul ɗin ke shiga cikinta, da gwanin da zai zauna a kanta.

Yanzu labarin ya sauya. Wayoyi uku ko huɗu, na'urar Wi-Fi guda, da kwamfutar tafi-da-gidanka ko iPad sun isa mutum ɗaya ya zauna a lungu yana kallon duk kusurwoyin a allo ɗaya, yana ba kowace waya umarnin ta fara ko ta tsaya. Hausa ma sai da ta yi wa abin barkwanci: waya ce ake haɗawa da waya ba tare da waya ba.

Dama ce da bai kamata masu ɗaukar biki, kwamitocin masallatai, makarantu da matasan da ke shirin hira a YouTube su yi wasa da ita ba. Sai dai bidiyoyin tallar da kamfanoni ke fitarwa suna ɓoye abu guda. Wi-Fi na da amfani wajen kallo da ba da umarni, amma ba wurin ajiye abin da ba a son ya ɓata ba ce. Wanda bai gane haka ba, wata rana zai tsaya gaban uban amarya yana kame-kamen bayanin inda hoton ɗaurin aure ya shiga.

Abin da ba a maimaitawa

Tun asali, an fito da dabarar kyamarori da yawa ne saboda akwai abubuwan da sau ɗaya suke faruwa. A 1951, lokacin da aka fara shirin barkwancin nan na Amurka mai suna I Love Lucy, masu shirin sun so su yi wasan a gaban 'yan kallo na gaske, su kuma ɗauke shi a fim. 'Yan kallo ba sa yi wa barkwanci ɗaya dariya sau uku, don haka mai ɗaukar hoto Karl Freund ya tsara kyamarori uku da za su ɗauka lokaci guda, da hasken da zai dace da dukkansu. Ba su ne suka fara gwada dabarar ba, amma su suka sa ta zauna da gindinta a talabijin.

Mai shirya fim a Kannywood bai cika matsuwa da wannan ba, tunda darakta na iya cewa a sake. Amma liman ba ya sake ɗaura aure don mai kyamara bai shirya ba. Ɗalibi ba ya sake karɓar allonsa ranar sauka. Ɗan damben da aka kayar ba zai tashi ya sake faɗuwa don a samu kusurwa mai kyau ba. Waɗannan su ne ayyukan da ke ciyar da mafi yawan masu ɗaukar bidiyo a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi, kuma su ne suka fi kowa buƙatar ido fiye da ɗaya.

Farashin kayan ya daɗe yana sauka. A 2015 kamfanin NewTek na Amurka ya sanar da tsarin NDI, wanda ke tura hoton bidiyo ta hanyar sadarwar kwamfuta maimakon kebul na musamman. A 2019 kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya fito da ATEM Mini, ƙaramar na'urar sauya hoto mai ɗaukar kyamarori huɗu, a kan dala 295. Manhajar Switcher Studio kuwa ta daɗe tana haɗa iPhone da iPad har guda tara ta Wi-Fi, sai dai da kuɗin wata-wata.

A 2024 ne Apple ya shigo da ƙarfinsa. Ya sabunta manhajarsa ta tace bidiyo, Final Cut Pro, a kan iPad, ya kuma fito da wata ta kyauta mai suna Final Cut Camera. Da su biyun, iPad ɗaya na iya jan ragamar wayoyi har huɗu: mai riƙe da ita yana ganin hoton kowace, yana daidaita haske da launi daga inda yake zaune. Blackmagic ma yana da manhajar kyamara ta kyauta, wadda ta fito a iPhone a 2023, ta iso wasu wayoyin Android a 2024, daga baya aka ƙara mata damar sarrafa wayoyi da yawa daga guda ɗaya.

Ga masu Tecno, Infinix da Redmi, hanyar da ta fi buɗewa ita ce ta kwamfuta. Manhajar OBS Studio kyauta ce, kuma tana karɓar hoto daga waya ta manhajoji irin su DroidCam da Iriun, ko ta shafin VDO.Ninja wanda ba ya ma buƙatar a sauke komai, burauza kawai ake buɗewa.

Tambayar da ya kamata a fara yi

Duk waɗannan sunaye na iya rikita mai karatu, amma a zahiri gida biyu suka kasu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne kan maganar.

A gida na farko, wayar idanu ce kawai. Tana ganin hoto, ta matse shi, ta tura wa kwamfuta ta iska, kwamfutar ce ke adanawa. Abin da ya iso shi ne aka samu. Idan Wi-Fi ta yi tangarɗa na daƙiƙa biyar, hoton waɗannan daƙiƙoƙin ya daskare ko ya farfashe, kuma babu inda za a je a samo shi.

A gida na biyu, kowace waya tana adana cikakken hotonta a cikin ma'ajiyarta, abin da take turawa ta iska ƙaramin kwafi ne don mai lura ya gani. Haka tsarin Apple yake aiki: ƙaramin kwafin ne ke fara isa iPad, sannan asalin hoton ya biyo baya. Switcher Studio ma na da irin wannan zaɓin. A nan ko da sadarwa ta samu matsala, ana da fatan tarar da hoton a cikin wayar.

Don haka kafin mutum ya biya kuɗin wata manhaja ko ya karɓi aikin biki da ita, tambaya ɗaya zai yi: idan Wi-Fi ta yanke, ina hoton yake? Kuma kada ya karɓi amsar daga bakin mai talla. Ya kunna ɗauka a gida, ya cire wa na'urar Wi-Fi wuta da gangan, ya duba abin da ya rage a kowace waya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kuma za ta yanke. Wi-Fi na bin manyan hanyoyi biyu da aka fi sani, ta 2.4 da ta 5 gigahaz. Ta farkon ta fi nisan zango da ratsa bango, amma layuka uku ne kacal a cikinta da ba sa shiga juna, kuma a nan Bluetooth ke bi, a nan kuma akasarin masu kunna hotspot a wayoyinsu suke. Ta biyun ta fi faɗi da sauri, amma ba ta nisa.

Ga kuma jikin ɗan Adam, wanda mafi yawansa ruwa ne, yana shanye wannan sigina. Shi ya sa gwajin da aka yi da hantsi a ɗakin taron da babu kowa yake tafiya sumul, amma da ƙarfe takwas na dare, lokacin da mutum ɗari uku suka cika wurin kowa da wayarsa, hoto ya fara tsayawa. Ba kayan ne suka lalace ba, ɗakin ne ya sauya.

Maganin bai fi ƙarfin aljihu ba. Mai ɗauka ya zo da rautarsa ta kansa, wadda babu wanda ya san kalmar sirrinta sai wayoyin aiki. Ya ɗora su a kan hanyar 5, ya ɗaga rautar sama da kawunan jama'a a inda take kallon kowace waya, ya kuma haɗa kwamfutar da rautar ta kebul don a rage wa iska kaya. Wi-Fi ɗin otal ko na ɗakin taro ba abin hawa ba ne ko da kyauta aka bayar.

Mutane da yawa ba su san cewa wannan haɗin ba ya cin data ba. Hoton yana yawo ne tsakanin wayoyi da rauta a cikin ɗaki, bai fita waje ba, don haka rautar da babu layi a cikinta ma tana iya aikin a yawancin manhajojin. VDO.Ninja ce ke neman ɗan intanet don wayoyin su gano juna. Data tana shigowa ne idan za a watsa kai-tsaye, kuma a nan ma hoto ɗaya ne ke fita, ba huɗu ba. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin lissafi.

Wanda kuma manhajarsa ta gida na farko ce, ba dole ya jefar da ita ba. Ya ware waya ɗaya da ba ta cikin haɗin, ya kafa ta inda take ganin wurin gaba ɗaya, ta riƙa ɗauka da kyamararta ta yau da kullum daga farko har ƙarshe. Wannan ita ce ta ko-ta-kwana. Watakila ba a taɓa buƙatarta ba a bukukuwa tara, amma na goma ita za ta fitar da shi kunya.

Akwai ma gaskiyar da masu sayar da manhaja ba sa son faɗa. Idan ba kai-tsaye za a watsa ba, wayoyi uku da kowace ke ɗaukar nata, da tafi guda mai ƙarfi a gabansu don a samu wurin daidaita su wajen tacewa, suna ba da kusan sakamako iri ɗaya ba tare da wani haɗi ba. Manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da ta kyauta, tana iya jera hotunan da kanta ta hanyar sauraron sautinsu.

To me haɗin ya ƙara? Ido ya ƙara. Mai lura yana gani nan take cewa wani mai babbar riga ya tsaya gaban waya ta biyu, ko ta uku ta karkace, ko cajin ta huɗu ya kusa ƙarewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa komawa gida ya tarar da awa guda na hoton ƙeyar mutum. Amma iyakar abin ke nan, kuma a ɗakin hira inda wayoyin ba sa motsi, kebul na USB ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali, yana kuma cajin wayar a lokaci guda. Inda kebul zai kai, a sa kebul.

Zafi, wuta da launin riga

Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin salshiyos ba. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Kano suna haura 40 a inuwa. Wayar da ke ɗaukar bidiyo, tana tura shi ta Wi-Fi, tana kan caji, allonta kuma a kunne, murhu huɗu ne a jiki ɗaya. Idan zafi ya yi mata yawa sai ta rage hasken allo, ta rage gudu, a ƙarshe ta tsayar da kyamarar ba tare da neman izini ba.

Wanda ya ƙera bidiyon talla a Kalifoniya bai yi tunanin rumfar kwano da azahar ba. Dole mai ɗauka ya yi wa kansa: ya cire wa wayar riga, ya nema mata inuwa, ya rage hasken allo, ya haƙura da 4K idan aikin mai tsawo ne.

Haƙurin ma yana da wata riba. Bisa lissafin da iPhone ke nunawa a saitunanta, minti ɗaya na 4K yana cin kimanin megabait 170, na 1080 kuwa kimanin 60. Walimar awa uku a 4K ta kai gigabait 30 a kowace waya, wayoyi huɗu sun kai 120. Kuma a ƙarshe yawancin masu kallo a WhatsApp za su gani, inda za a matse hoton ya koma kamar ba shi ba.

Sai kiran waya. Kira ɗaya daga gida na iya katse ɗauka. Duk wayar da ta shiga aiki a sa ta a yanayin jirgin sama, sannan a kunna Wi-Fi kaɗai.

Akwai wata matsalar da ke damun masu ɗaukar taron dare, da yawansu kuma ba su san tushenta ba: hoto na ƙyaftawa, ko wasu layuka masu duhu na gangarowa a kansa. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Wayoyi kuwa yawanci suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da wutar Amurka. A ƙarƙashin doguwar fitila ko ƙananan fitilun LED masu arha, lissafin biyu sai su yi karo.

Gyaran shi ne a mayar da duk wayoyin kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. A iPhone zaɓin yana ɓoye a saitin kyamara ƙarƙashin tsarin PAL, a Android kuwa sau da yawa sai an sauke manhajar kyamara mai ba da damar saiti da hannu. Idan ƙaramin janareta ne ke ba da wuta, shi ma ba ya tsayawa daidai kan 50, don haka sai an gwada a wurin. Muhimmin abu dai shi ne wayoyin duka su zama a kan lamba ɗaya. Haɗa mai 30 da mai 25 ciwon kai ne ga mai tacewa.

Launi ma haka. Kowane kamfani da yadda ya koya wa wayarsa ganin fata da haske. An san kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, da daidaita kyamarorinsa don su fito da baƙar fata da kyau, Samsung na son launi mai ƙarfi, iPhone kuma da nata salon. A hoto ɗaya babu mai lura. Amma idan ana sauyawa daga wannan zuwa waccan, farar shaddar ango sai ta zama shuɗi-shuɗi a nan, ruwan madara a can, kamar ya sauya kaya tsakanin ƙiftawar ido. A nuna wa kowace waya farar takarda ɗaya a ƙarƙashin hasken wurin, a kulle saitin launi da na haske, kada a bar su suna yanke wa kansu hukunci.

Sauti ya fi komai

Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe muryar da ba ya ji. Wayoyi huɗu na nufin makirufo huɗu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke kusa da bakin mai magana. Abin da suke kwasa shi ne amsa-kuwwar lasifika, da hirar na kusa da su, da ƙarar janareta.

Har ila yau sauti tafiya yake yi, kimanin mita 340 a daƙiƙa. Wayar da ke nesa da mai magana da mita 14 tana jin sa ne a makare da tsawon hoto guda, ga kuma jinkirin da Wi-Fi ke ƙarawa wanda ya bambanta daga waya zuwa waya. Nan ne ake samun baki na motsi daban, magana na fita daban.

Sauti daga wuri ɗaya ya kamata ya fito: ko ƙaramin makirufon maƙalawa a wuyan riga, ko kebul daga na'urar mai lasifikar wurin. Matashin da ke da kuɗin waya ta huɗu amma ba shi da makirufo, ya sayi makirufon. Wayoyi biyu da sauti mai kyau sun fi biyar da hayaniya.

Ba dole sai iPhone ba

Masu son kafa hujja da manyan finafinai suna da abin nunawa. Sean Baker ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine na 2015 da iPhone 5s guda uku. Steven Soderbergh ya yi Unsane a 2018 da iPhone 7 Plus. Danny Boyle kuwa, a fim ɗin 28 Years Later na 2025, har wayoyi 20 ya jera a kan ƙarfe ɗaya don wasu fitowa. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne wannan na ƙarshen ya ci gomman miliyoyin daloli, da gilasan kyamara na musamman da aka ɗaura wa wayoyin, da rundunar masu haske. Wayar ce mafi arha a wurin.

Tsarin Apple shi ne mafi sauƙin sarrafawa, babu musu. Amma yana buƙatar iPad ta zamani da wayoyin kamfanin zalla, kuma Final Cut Pro ta iPad ta fito ne da kuɗin dala 4.99 a wata ko 49 a shekara. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 kan dala ɗaya a 2024, duk abin da ake biya da dala ya zama nauyi. Matashin da zai ci bashi ya sayi iPhone huɗu don ya ɗauki bikin da ba zai mayar masa da kuɗin guda ɗaya ba, bai yi lissafi ba. Tsohuwar kwamfuta da OBS da wayoyin da ke hannu sun isa a koyi sana'ar.

Masu manyan kyamarori da ke yi wa abin kallon raini su ma suna da gaskiyarsu. Idon waya ƙarami ne, ba ya son duhu, kuma jawo hoto daga nesa yana ɓata shi. Hawan Sallah, wasan ƙwallo ko taron fili da dare har yanzu na mai babbar kyamara ne. Mafi kyawun tsari ga wanda ya riga ya mallake ta shi ne ta zama uwa, wayoyi su zama 'yan rakiya: ɗaya a kan jama'a, ɗaya a ƙofar shigowa.

Fargabar cewa mutum ɗaya zai cinye aikin mutum huɗu ma ba ta kai yadda ake zato ba. Wayoyi huɗu a kafe kamar kyamarar tsaron banki suke, babu rai a hoton. Sai an samu mai motsawa, wanda ya san cewa lokacin da ake sanar da sadaki fuskar waliyyi ake nema, ba ta mai sanarwa ba. Wannan sanin ba a sauke shi daga Play Store.

Zanen aro

Saura batun da aka fi yin shiru a kansa. Kaɗan ne ke da wayoyi huɗu na kansu. Abin da ake yi shi ne a ari ta ƙani, ta aboki, ta yaron shago. Kuma tsarin da aka yaba a sama, wanda kowace waya ke adana cikakken hotonta, shi ne dai ke nufin cewa bayan an tashi, cikakken bidiyon bikin mutane yana aljihun wanda ba da shi aka yi ciniki ba.

A taron siyasa wannan ba komai ba ne. A wajen kamu, sa lalle ko wunin mata kuwa, inda aka yarda mai ɗauka ya shiga bisa amana, babbar magana ce. Matan da suka saki jiki don sun san a cikin gida suke, ba su amince hotonsu ya kwana a wayar wani saurayin da ba su taɓa gani ba. Daƙiƙa talatin da aka yanko aka ɗora a TikTok sun isa su tayar da rigimar da za ta kai ga iyaye, wani lokaci har ga igiyar aure.

Gogewa kawai ba ta wadatar. Wayoyi da yawa suna kwafe duk abin da aka ɗauka zuwa Google Photos ko iCloud da kansu da zarar sun samu intanet. A iPhone, abin da aka goge yana zama a kwandon shara har kwana 30 kafin ya tafi, manyan wayoyin Android ma suna da irin wannan kwando. Shi kansa tsarin NDI, a yadda yake zuwa, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da wayoyin kuma yake da manhajar kallo yana iya ganin hoton. Wannan ƙarin dalili ne na kada a raba wa 'yan biki kalmar sirrin rauta don a yi musu kara.

Najeriya na da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, kuma hoton da ake gane mutum a cikinsa yana cikin bayanan da dokar ta shafa. Amma ba tsoron hukuma ne ya kamata ya fara motsa mai sana'a ba. A unguwa ake samun aikin biki, daga bakin wannan uwar amarya zuwa waccan, kuma labarin hoton da ya fita ya fi na aiki mai kyau saurin yawo.

Mai ɗaukar da ya ɗauki sana'arsa da muhimmanci zai nemi wayoyin aiki zalla, ko da tsofaffi ne na hannu, marasa layi kuma marasa asusun kowa. Idan aro ya zama dole, a kashe kwafin kai-tsaye kafin a fara, a kwashe hotunan a gaban mai wayar kafin kowa ya bar wurin, a goge, a kuma zazzage kwandon. Taron mata kuwa mata su riƙe wayoyin, kuma allon lura ya zauna a hannun mace.

Masu biki su ma suna da haƙƙin tambaya tun ranar biyan kafin alƙalami: wayoyi nawa za a shigo da su, na su wa ne, a hannun wa za su kwana, kuma yaushe za a goge abin da ke ciki.